Layar da Babu Aya a Cikinta

Kun sha tambayata mene ne wannan ɗan farin abin da ke rataye a wuyana, ina ce muku sai wata rana. To ranar ta zo. Na ji yadda labarin yake yawo a bakin jikoki, wai na'urar Hafsatu ce ta kusa halaka kakansu, wai ni kuma na bi bayan autata na watsa wa ɗan farina ƙasa a ido. Wanda ya ƙago wannan zancen ba ya gidan a lokacin. Ni Kulu ina nan, a kan idona aka yi komai, saboda haka ku natsu ku karanta.

Mu Sarkawa ne, masunta, gidanmu yana bakin Kwara a ƙasar Bagudo, wurin da in jirgi ya yi sama da kai ba za ka san ka bar Nijeriya ba sai ka ji an gaishe ka da Dandanci, ko jandarma ya nemi takardarka da Faransanci. Malam, mahaifinku, a kan ruwan nan ya yi ƙuruciyarsa da girmansa. Ban taɓa ganin mutum mai son sanin cikin abu irinsa ba. Lokacin da injin jirgi ya fara shigowa garinmu, shi ya warware na maƙwabcinmu a kan tabarma, ya mayar da shi, 'yan ƙusoshi suka yi saura a hannunsa, injin kuma ya tashi lafiya lau. Ni da safe ina koyarwa a firamare, da la'asar in ɗauki ƙwarya in tafi mashigi in jira shi ya dawo da kifi, mu kawo gida a yi banda. Haka muka rayu har gwiwoyinsa suka raba shi da kamun kifi.

Ruɗewar tsufa ta zo masa a hankali. Da farko carbi yake nema alhali yana hannunsa. Daga nan sunayen jikoki suka tafi, sai na 'ya'ya. Wata safiya na kai masa kunu, ya karɓa da hannu biyu, ya dube ni da ladabi irin na baƙo.

"Sannu da aiki, baiwar Allah," in ji shi. "Masu gidan sun hita?"

Na ce sun fita. Na koma madafa na yi kuka mai isata, na share ido na ci gaba da aiki. Abin mamaki, salla bai taɓa mantawa da ita ba, haka alwala da duk wani abu na tsarki. Matsalar ita ce fita. Da rana ta karkata sai ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi, in aka kau da ido ya sulale. Sau ɗaya wasu manoma suka tsince shi a kan hanyar Geza, suka maido shi a bayan babur.

Yayanku Babba, wanda bakina ba ya kama sunansa tunda shi ne na fari, ya sayo wani agogo mai layin waya a ciki, wai yana magana da tauraron ɗan'adam ya faɗi inda mutum yake. Rannan da hantsi wayar Babba ta nuna Malam ya tsallaka Benin. Kafin a ce kwabo an tayar da babura, an tayar da jirgi, mata suna salati a ƙofar gida. Ni kuma na shiga ɗaki ɗauko mayafi, sai na iske bawan Allah kwance yana minshari, agogon ɗaure a hannunsa. Mun yi dariya ranar, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ba a yi nisa ba ya fita da gaske, aka ga takalminsa a bakin ruwa. Babba ya yi ta nutso yana fitowa har idanunsa suka yi ja kamar garwashi, kafin a gano Malam zaune cikin wani tsohon kwalekwale a bayan ciyawa. Washegari Babba ya shigo da kwaɗo da sakata, ya ajiye a gabana.

"Inna, a sa wa ɗakinai wanga. A buɗe a ba shi abinci, a ba shi ruwan alwala, a ruhe. Ko so kike wata rana taru ya jawo muna shi?"

"Ubanka ne hwa, ba akuya ba."

"Don ubana ne nike hwaɗi."

Ku ji ni da kyau, ban taɓa cewa yayanku mugu ne ba. Shi ya sha ruwan Kwara yana laluben gawar ubansa, ba ni ba. Sai dai na san Malam. Mutumin da ya yi rayuwarsa a sararin ruwa, in ka rufe shi a ɗaki yana jin ƙarar kwaɗo, ka kashe shi tun kafin kwanansa ya ƙare.

Ana cikin wannan ja-in-ja Hafsatu ta zo gida. Autata ce, ta karanta injiniyan lantarki a jami'a, kuma halin ubanta ta kwaso kaf, tun tana ƙarama ba a barin tocila kusa da ita. Ta dubi agogon nan ta ce ba laifinsa ba ne. Wai a ƙarƙashin rufin kwano da katangar ƙasa ba ya jin tauraron, sai ya yi kintace da ƙarfen sabis mafi kusa, mu kuwa nan kowa ya san wayoyinmu sukan kama na Benin, har su aiko maka da gaisuwa cikin Faransanci. Ta ce neman mutum a fili daban, nemansa a cikin gida daban, kuma ta zo da abin da zai yi na cikin gida. Babba ya yarda a gwada, da sharaɗi: in Malam ya sake ɓacewa ko sau ɗaya, kwaɗo zai hau ƙofa, ba wanda zai ƙara magana. Na amsa, don ba ni da wata hanya.

Kayan nata ba su cika leda ba. 'Yan akwatuna ne kamar kwalin ashana, da wani farin maɓalli da bai fi murfin kwalba ba. Ta kafa akwatunan a zaure, da ɗakin Malam, da madafa, da jikin rumbu, da bakin makewayi, ta ja musu wuta daga batirin sola. Ni kuwa na bi ta a baya ina tambaya kamar 'yar aji ɗaya.

"Auta, wai ta yaya kwalin ashana ka sanin inda mutum yake?"

"Inna, a ce kaza ta ɓace cikin gidan nan tana kuka. Ke kina madahwa, kin ce kin ji ta da ƙarhi. Sa'a na zaure, ta ce sama-sama ta ji. Ni ina bakin rumbu, na ce tsaka-tsaki. In mun haɗa maganarmu, ba mu gane inda take?"

Sa'a matar Babba ce, tana gefe tana dariya. Na ce za mu gane mana. Hafsatu ta ce to maɓallin nan shi ne kazar, kullum yana kuka da muryar rediyo wadda kunnen mutum ba ya ji, akwatunan su ne kunnuwan, wayar hannu kuma ita ke haɗa maganarsu. Ta zana gidanmu a fuskar wayar, ga zaure, ga rumbu, ga bishiyar darbejiya. Sannan ta riƙe maɓallin ta bi gidan lungu-lungu, ta tsaya nan, ta tsaya can, wai tana koya wa wayar yadda muryar take a kowane wuri. Da ta gama sai ga wani ɗan ɗigo yana bin ta a cikin zanen duk inda ta sa ƙafa. In ɗigon ya ratsa zaure zuwa waje, sai wayar ta ƙwalla ƙara.

Wallahi abin ya shiga raina. Duk lokacin da Hafsatu ta juya baya sai in ɗauki maɓallin in yi nawa binciken. Na jefa shi cikin tukunyar ƙarfe na rufe, ɗigon ya ɓace ɓat. Na ajiye shi bayan randa, ɗigon ya yi tsalle ya koma ɗakin Sa'a. Hafsatu ta ce ruwa yana shanye muryar, ƙarfe kuma yana maido ta kamar yadda dutse ke maido kira. Na ɗaura shi a ƙafar zakara, muka zauna ni da Sa'a muna kallon ɗigo yana zagaya rumbu, muna ƙyaƙyata dariya kamar yara. Ranar da mata suka cika tsakar gida don sunan maƙwabta, ɗigon ya haukace gaba ɗaya, sai Hafsatu ta ce ai jikin mutum ma yawancinsa ruwa ne. Ni da na shekara ina koya wa yara abubuwa, ban taɓa tunanin taron mata zai iya tare rediyo ba. Akwai kuma abu ɗaya da na lura da shi, na tambaya.

"Don mi ɗigon nan ba ya tsayawa wuri guda, ko mai shi na zaune?"

"Mai rai bai zama cik, Inna. Ya juya, ya sunkuya, ya kai hannu ƙirji, duk shina tare muryar. Shi ya sa kike ganin shina 'yar rawa."

Saura yadda za a sa Malam ya zauna da maɓallin. An sa masa a aljihu, ya jefa wa kaji. An ɗinke shi a cikin riga, ya tuɓe rigar ya ba wani baƙo da ya zo gaisuwa daga Kurgu, wayar ta yi ƙara, samari suka bi bawan Allah da gudu har bakin hanya. A nan ne maganar laya ta fito. Daga baya kowa ya ce ba shi ya fara faɗa ba, amma mu duka muna zaune a kan tabarma ɗaya, har da Babba, kuma duka muka ce dabara ta yi. Ai tsohon masunci ba ya yar da laya. Aka kai wa baduku ya naɗe maɓallin cikin jar fata ya sa masa igiya. Malam ya karɓa da bismilla, ya shafa, ya rataya a wuya, bai ƙara jefarwa ba. Muka samu sauƙi. Ina iya yin banda, waya jingine a jikin turmi, in ɗaga ido in ga Malam yana gindin darbejiya, ko ɗaki, ko makewayi, in ci gaba da aikina.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Dole Kaina ce, a ƙarshen damina, Kwara ta cika har tana lasar gonaki. Maza duk sun tafi kasuwa, har da Babba. Hafsatu tana bayan ɗaki tana goge faifan sola. Ni da Sa'a muna gindin banda, hayaƙi yana cin idonmu. Bayan azahar na duba waya na ga ɗigon a makewayi. Na juya kifi, na sake dubawa, yana nan. Sa'a ma ta gani, ta kau da kai. Ku da kuka daɗe a birni ba lalle ku gane ba: dattijo in ya shiga makewayi ba a kiransa, ba a leƙa shi, ba a ma nuna an san yana ciki, balle suruka. Muka yi shiru muna aiki, kowa yana jin nauyin ya ce an daɗe. Sai da na kwashe kifin da ya yi na zuba a ƙwarya na sake kai ido, a nan gabana ya faɗi. Ɗigon ba ya rawa. Yana tsaye cik kamar an ɗiga shi da alƙalami.

Na nufi makewayin ina gyaran murya, ba amsa. Na ce, "Malam?" Shiru. Ga layar nan rataye a jikin sandar zana, an naɗe igiyarta tsaf, ga butarsa a ƙasa. Zanan baya kuwa ruwan sama ya kwantar da gefensa, ya bar kafar da mutum zai wuce, daga nan kuma hanya ce miƙe zuwa mashigi. Nan take na gane. Yawancin mutane suna cewa in an rufe laya da fata ana iya shiga da ita ko'ina, amma Malam tun yana saurayi ba ya yarda. Ashe kullum sai ya cire ta ya rataye a bakin makewayi, in ya fito ya mayar, wayar kuma tana nuna mana yana makewayi, gaskiya take faɗi. Mu muka ce masa laya ce, shi kuma ya girmama ta yadda ake girmama laya.

Ban san da tsufana ina da sauran gudu ba sai ranar. Hafsatu ta bi hanyar Geza, Sa'a ta tafi tayar da maƙwabta, ni na yi ruwa. Abin da ke raina biyu ne: ko ya faɗa wannan cikar, ko wani mai jirgi ya ɗauke shi a matsayin ɗan kasuwa ya sauke shi a kan iyaka, mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗi. Sai da na iso mashigi na ga ashe ƙwaryar tana hannuna, kifin duk ya zube a hanya. Ga Malam zaune cikin wani kwalekwale, ya sunkuya yana kwance igiyar da aka ɗaure shi da ita. Kansa ya manta komai, amma yatsunsa ba su manta ƙulli ba, saura kaɗan ya gama. Ruwan yana jan gindin jirgin. Na tsaya a kan tudu da ƙwarya a hannu ina haki. Ya ɗago kai ya dube ni, fuskarsa ta washe.

"Kulu! Kin makara. Tun ɗazu nike duban hanya."

Rabon da in ji sunana a bakinsa har na daina sa rai. Na sauko daga tudun.

"Banda ta riƙe ni, Malam."

"Yau ba a samu komi ba," ya ce, kamar mai jin kunya.

"Ba komi. Taso mu tahi gida."

Ya saki igiyar, ya kama hannuna ya fito. A hanya yana ba ni labarin wata giwan ruwa da ta tsinke masa mamari, igiyar ƙugiyoyinsa. Kafin mu kai zaure labarin ya yanke, ya zare hannunsa, ya ce mini sannu baiwar Allah.

Babba ya dawo kasuwa ya tarar da labari tun a bakin ruwa. Ya shigo da kwaɗon a hannu, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Inna, mun yi magana."

Kafin in buɗe baki Malam ya fara shafa ƙirjinsa yana waige-waige. "Ina layata? Na rataye ta bakin makewayi. Ba a shiga wurin nan da sunan Allah."

Na dubi Babba na ce masa mutumin da ya san wannan ba zan sa masa kwaɗo ba, ko da na yi alkawari sau dubu. Hafsatu ta ɗauko layar da reza, ta durƙusa gaban ubanta, ta farke fatar a kan idonsa.

"Baba, ba aya ciki. Mu mun ka ɓoye maka. Ga abin da ke ciki."

Na zaci zai yi fushi. Sai ya ɗauki maɓallin ya juya shi, ya kai kunne, ya sa farce yana neman inda ake buɗewa, da irin kallon nan da ya yi wa injin maƙwabcinmu.

"Mi yake yi?"

"Shina gaya muna inda kake. Riƙe ka gani."

Ta ba shi wayar. Ya taka zuwa rumbu yana kallon ɗigon yana binsa, ya dawo gindin darbejiya, ya sake komawa, ya yi dariya har da buga cinya.

"Ikon Allah! To duk inda mutum ya shiga cikin gidan ga, sai a gane shi?"

"Sai a gane shi, Baba."

"To ɗaura min. Kuma ki samo wani ki sa ma Kulu. Kullum ina bidarta cikin gidan nan ban ganinta, sai na tahi bakin ruwa."

Ina tsaye kusa da shi, har gefen zanena yana taɓa rigarsa.

Babba ya ajiye kwaɗon a kan turmi, ya ce tunda haka na zaɓa, in wani abu ya faru kada a aiko masa ya zo ya yi nutso. Cikin satin ya kwashe Sa'a da yara ya koma shagonsa a Bagudo. Gidan ya yi mini faɗi, na rasa mai taya ni banda, na rasa hayaniyar jikoki, salla ta zo ta wuce bai taka zauren ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ya yi mini ciwo ƙwarai. Bai dawo ba sai da ciwon ajali ya kwantar da Malam, kuma da ya dawo shi ya riƙa ɗaga shi yana kwantarwa. Kada in ji wani a cikinku ya zage shi.

Mun gyara zanan, Hafsatu ta ƙara akwati a bayan makewayi, Malam ya riƙa yawo da maɓallinsa a fili, yana shiga da shi ko'ina tunda ya san ba aya a ciki. Kowace la'asar kuma sai in ɗauki ƙwarya in riga shi zuwa mashigi in tsaya a kan tudu, Hafsatu ko wani maƙwabci ya rako shi a baya. Wata rana ya gane ni, wata rana ya wuce ni yana duban ruwa. Ranar da ya gane, sai ya ce na makara, in ce banda ta riƙe ni. A ɗakinsa ya cika, ƙofa a buɗe, Allah Ya jiƙansa.

An daɗe da cire akwatunan daga bango. Batirin wannan na wuyana ya mutu tuntuni, Hafsatu ta ce in kawo ta ajiye mini a akwati, na hana. Malam ne ya ce a sa mini don ya riƙa gane inda nake. Ku bar mini shi a wuya, sai mai yi mini wanka ta cire.